Jiƙon Ɓawon Katako

Ranar da Likita ya ce kullutun ya ragu, yanzu za a iya yin aiki a cire shi, Mai Maɓalli ba ta tambaye shi ko da zafi ba. Tambayarta ɗaya ce: yaushe?

Ya faɗa mata ranar. Ta auna a ranta, ta ga in aka yi aikin a lokacin, in Allah ya yarda ɗinkin zai kame, hannunta zai ɗagu kafin 'yarta ta haihu. Yarinyar cikin fari ne da ita. Mijinta direban babbar mota ne, yau yana gida, gobe sai dai a ji muryarsa a waya. Uwar mijin kuma Allah ya yi mata rasuwa tun kafin auren. In ba Mai Maɓalli ba, wa zai karɓi jariri a hannun yarinyar da ko ɗan mage ba ta taɓa raino ba?

A bakin ƙofa nas ɗin da ke kula da ita, wadda kowa ke kira Sista mai tabarau, ta riƙo mata gefen mayafi.

"Mama, daga yau har ranar aiki, ko ruwan zafi wani ya miƙo miki ya ce magani ne, ki zo ki tambaye ni tukuna. Ban ce masu kawowa mugaye ne ba. Amma wani abin yana tsinka jini, wani yana faɗa da namu maganin. In kika sha abin da ba mu sani ba, dole mu ɗaga ranar. Kin kuma ga layin da ke bayanki."

"Na gani, 'yar nan."

"In aka ɗaga, sai kin koma ƙarshensa."

"Na ce na gani. Ko zuma ce sai na zo kin sa mata hannu."

Sunan Mai Maɓalli ya samo asali ne daga ɗan shagonta da ke ƙarƙashin matakalar gidan da suke haya. Zare, allura, zif, roba, da maɓallai cike da kwalabe, kowane launi da kwalbarsa. Mijinta kafinta ne, kowa ma Kafinta yake ce masa, shi kuma yana kiranta Manaja, saboda a cewarsa tun da ya aure ta bai sake sanin inda takalminsa yake ba sai da izininta. Mutum ne mai fito. Ko da ƙusa a bakinsa sai ya san yadda ya yi ya busa wata waƙa da shi kaɗai ya san kanta.

To tun ranar da aka ce ciwon daji ne a mamanta na hagu, fiton ya ɗauke kamar wutar lantarki. Duk watannin da aka yi ana ɗura mata magani ta jijiya, gashinta ya zube, abinci ya koma mata kamar takarda, shi yake rako ta asibiti, amma iyakarsa bakin get. Allura ce ba ya son gani. Mutumin da ya taɓa datse ɗan yatsa da zarto ya ɗaure da tsumma ya ci gaba da aiki, in ya hango allura sai ya juya da baya. A gida kuwa sai ya zauna ya zuba wa bango ido. Ta sa masa abinci, ya jujjuya cokali ya ture. Ita mai ciwon ita ke lallashin mai lafiya.

"Malam, bangon nan in bashi ya ci maka ka faɗa min in je in karɓo."

Sai ya yi wani murmushi da gara ma bai yi ba.

Ana cikin haka yayarsa ta zo dubiya. Yaya mace ce da ba ta taɓa shiga gidan mara lafiya hannu biyu ba, kuma ba ta taɓa kawo abin da aka nema ba. Wannan karon kwalba ce ta roba, fara, babu komai a ciki sai wari. Wai ta samo ta a wurin wata mata da suka haɗu a mota, wadda ƙanwar maƙwabciyarta ta sha ta miƙe.

"Amaryarmu, wannan shi ne. Turawa ma shi suke sha, ɓoye mana suke yi."

"Yaya, ai babu komai a ciki."

"To da cike zan samo miki? Hoton za ku duba ku nemo."

'Yar Baba, 'yar tasu mai cikin, tana zaune ta miƙe ƙafafu a kan kujera. Ta karɓi kwalbar ta karanta. Ta ce ƙwayoyi ne da ake yi da ɓawon wata bishiya mai ganye kamar allura, sunanta fayin. An rubuta wai yana taimaka wa jiki, amma ba a rubuta yana maganin daji ba.

"Ai ba za su rubuta ba," in ji Yaya. "Matar ta yi min bayani. Kin ga yadda ƙarfe ke tsatsa? To jikin mutum ma yana yi. Wannan shi ke hana tsatsar."

Sai Kafinta ya ɗago kai.

"Fayin kika ce?"

"Haka aka rubuta, Baba."

"Fayin dai? Farin katakon nan da nake yin durowa da shi?"

Ya karɓi kwalbar, ya kai ta bakin taga, ya ƙura wa hoton bishiyar ido. Mai Maɓalli ta ga wani abu ya motsa a fuskarsa wanda ta daɗe ba ta gani ba, amma a lokacin hankalinta yana kan yadda za ta sallami Yaya kafin ta tuno wani maganin.

Ya zaga kantunan magani nan da can, ba a samu ƙwayoyin ba. Wani mai kanti ma ya ce bai taɓa ji ba. Mai Maɓalli ta ce alhamdu lillahi a ranta, ta ɗauka magana ta mutu.

Ashe ba ta mutu ba. Wata safiya ta idar da sallah tana lazimi, sai ta ji fito daga kicin. Ta tsaya da carbi a hannu. Fito ne, nasa, waƙar nan mara kai. Ta leƙa. Ga Kafinta da singileti, ya ɗora sabuwar tukunya a wuta, kusa da shi ga buhu cike da ɓawon itace. Kicin ɗin ya gume da warin shagonsa.

"Malam, me nake gani?"

"Manaja, zauna. Mu muna da abu a hannu muna ta yawon nemansa a kanti. Katakon da ake kawo mana, na gefe-gefen yana zuwa da ɓawonsa a jiki. Shekara da shekaru ina ɓare shi ina zubarwa. Su Turawan me suka yi? Ba wannan ɗin suka daka suka zuba a ƙwanso ba? To ga shi nan ɗanye, ba algus."

"Ka tabbata shi ne?"

"Haba. Ni za a nuna wa fayin? Ido rufe in na shinshina zan gaya miki."

Ya tace ruwan da sabuwar rariya, ya zuba a kofin gilashi. Ja ne wur kamar shayin da aka manta a wuta, da wani maiƙo yana yawo a sama. Ya riƙo da hannu biyu ya miƙo mata, ya yi bismillah a madadinta.

Maganar Sista tana bakinta. Wallahi tana bakinta, har ta buɗe. Sai ta dubi mutumin. Ya yi aski. Ya gyara gemu. Idonsa a kanta yake, ba a bango ba.

"Da zafi," ta ce. "Bari ya huce. Je ka yi wanka kar ka makara."

Yana shiga banɗaki ta tuntsurar da kofin a ramin wanke-wanke, ta sakar masa famfo. Da ya fito ta miƙa masa kofin, babu ko ɗigo.

"Allah ya saka da alheri, Malam."

"Da ɗaci?"

"Magani ai ba a tambayarsa daɗi."

Ranar ya cinye abincinsa tas, har ya nemi ƙari.

Haka aka ɗauko. Kullum da safe tukunya, kullum fito, kullum kofi. Ita kuma kullum da dabararta: yau zafi, gobe sai ta gama lazimi, jibi a ɗaki za ta sha a kwance don ya ratsa jiki. Mai Maɓalli mace ce mai tsoron Allah, ba ta yarda ta yi ƙarya da bakinta ba. Ko sau ɗaya ba ta ce "na sha" ba. Addu'a take yi masa, addu'a kuwa ba ƙarya ba ce. In ya ce, "Kin ji ƙarfi?" sai ta ce, "Alhamdu lillahi," wanda shi ma gaskiya ne, don tun da aka daina ɗura mata maganin jijiya ƙarfinta ke dawowa, gashinta ya fara tsirowa kamar na jariri. Duk da haka in ta yi sujada tana ɗan ƙara istigfari, don ta san Allah ba a yi masa wayon kalma.

Kyankyasan kicin ma suka ɓace. Shekaru tana fama da su a ramin wanke-wanken nan, sai ga shi ko ɗaya ba ta gani. Ta ce ikon Allah, ta wuce.

Abu ɗaya ne ya ɗan dame ta. Kafinta ya shiga yawan zirga-zirgar banɗaki. Wani lokaci yana cikin magana sai ya dafe ciki ya ce yana zuwa. Ta ce ya daina cin abincin bakin titi, ya ce to. Ta ɗora laifin a kan damuwa.

'Yar Baba ce ta kama ta. Ta shigo da sassafe ba sallama mai ƙarfi, ta tarar da uwarta tana tuntsurar da kofi.

"Umma!"

"Rufe min baki. Kin ga wani abu?"

"Na ga kina shayar da rami."

"To ramin ya gode. Miƙo min soso."

"Umma, ki gaya masa mana. Mutum ya tashi tun asuba yana ta wahala."

"Wahalar ce ke riƙe da shi. Kin manta yadda ya koma? Ni ban iya jinyar mutum biyu ba, ga ki ta uku kina tafe da tulun ciki. A yi aikin nan lafiya, in ya so sai in san yadda zan faɗa masa."

"In ya gane fa?"

"Ubanki? Shekara nawa ina sa masa tafarnuwa a miya yana cewa shi ba ya cin tafarnuwa?"

'Yar Baba ta yi dariya har ta riƙe ƙugu. Ta yi alkawarin yin shiru.

Da ranar aiki ta matso, asibiti suka ce a zo ganawar ƙarshe, kuma a zo da maigida, Likita yana son ya yi masa bayani da bakinsa. Mai Maɓalli ta shirya lallashi mai tsawo, sai ta ga ba a buƙata. Kafinta ya riga ta shiryawa. Ya sa rigarsa ta zuwa ɗaurin aure, ya rataya wata jakar leda.

"Me ke cikin ledar?"

"Kayan aiki."

Ba ta kawo komai a ranta ba. Mutumin da ke zuwa gaisuwar mutuwa da tef ɗin awo a aljihu, wa zai tsaya binciken ledarsa?

Ya wuce get, ya wuce inda ake ɗaurin rauni yana kallon silin, suka shiga ofishin Likita. Ɗan ƙaramin ɗaki ne, tebur ɗaya, gado mai farin zani, da fanka mai juyawa tana ƙara kamar tana gunaguni. Likita matashi ne, ba zai girmi mijin 'Yar Baba ba. Sista mai tabarau tana tsaye a gefe. Ya yi bayanin aikin dalla-dalla, inda za a yanka, abin da za a cire, kwanakin da za ta yi a kwance. Ya ce ya ji daɗin yadda jikinta ya murmure.

Kafinta ya gyara zama.

"Likita, ai da dalili."

Ya zuge leda, ya fito da gorar ruwa cike da jan jiƙon nan, ya dasa ta a kan tebur. Ya fito da guntun ɓawo ya ajiye a gefenta.

Mai Maɓalli ta ji kamar an zare mata kujera.

"Ɓawon fayin ne," in ji shi. "Wanda ake yin ƙwayoyin hana tsatsa da shi. Ni na dafa da hannuna. Kullum kofi guda take sha, ba fashi. Ban zo don a yabe ni ba. Na ga mutanen da ke zaune a waje ne, na ce in akwai mai so, ɓawon nan a shagona zubar da shi ake yi."

Likita ya dubi gorar. Ya dubi Sista. Sista ta sauke tabarau zuwa kan hanci, ta dubi Mai Maɓalli ta samansa, irin kallon da uwa ke yi wa ɗan da aka kawo ƙararsa.

"Baba, tun yaushe take sha?" in ji Likita.

"An kwana biyu. Tun bayan da kuka sa rana."

"A ina kake samun ɓawon?"

"Jikin katakon da nake saya."

"Katakon aiki? Ba a yi masa feshin maganin gara kafin ya iso gare ku?"

Kafinta ya dubi guntun ɓawon da ke kan tebur. Ya fi kowa a ɗakin sanin amsar.

"Ana yi wa wani," ya ce a hankali. "Amma na wanke. Na kankare bayansa da wuƙa, na wanke har sau... na wanke sosai."

Mai Maɓalli ta tuna kyankyasanta. Ta ce innalillahi a ciki.

Likita bai ɗaga murya ba. Ya ce ko ƙwayoyin na kanti, waɗanda aka tace aka auna, ba su da tabbacin suna maganin daji, kuma ba sa barin mai shirin aiki ya sha, saboda ana tsoron su sa jini ya ƙi tsayawa. Balle wannan da ba wanda ya san abin da ke cikinsa.

"Mama, ki yi haƙuri. Ba zan sa miki wuƙa da wannan a jikinki ba. Sai mun ɗaga ranar, mu duba hanta da ƙoda, mu jira ya fita."

"Zuwa yaushe?"

"Ba zan iya cewa ba. Sai an sake nemo miki wuri."

Fankar ta juyo ta kaɗa ledar Kafinta. Mai Maɓalli ta dubi mijinta. Ya sunkuyar da kai, hannayen nan masu kanta sun kwanta a cinyarsa kamar ba nasa ba. In ta yi shiru, zai tafi gida da cewa ya shayar da matarsa guba ya ɓata mata rana. In ta yi magana, zai ji a gaban yaro sa'an surukinsa cewa duk safiyoyin nan rami yake yi wa hidima. Ko ta ina sai ya ji ciwo. Amma ɗaya ce kawai za ta bar ta ta karɓi jikanta da hannunta.

"Likita, kar ka ɗaga komai. Ban sha ba."

Duk suka juyo.

"Ko kurɓa ɗaya. A ramin wanke-wanke nake zubarwa."

"Mama," in ji Sista, "kar ki faɗi haka don kina tsoron layi."

"'Yar nan, ni da alwalata na shigo ɗakin nan. Wallahi tallahi bai taɓa wuce leɓena ba. Kin ce in tambaye ki, ban tambaye ki ba, wannan laifina ne. Amma ban sha ba. Ku kira 'yata a waya, ta kama ni da idonta. Ku ɗebi jinina ku duba, ga hannu."

Kafinta ya juyo gaba ɗaya.

"Manaja. Kofin da kike miƙo min?"

"Wanke shi nake yi."

"Kika ce Allah ya saka da alheri."

"Har yanzu ina cewa."

Can ya ce, kamar da kansa yake magana, "To ni kaɗai ke nan nake sha."

"Kake me?"

"Ni kaɗai nake sha."

"Malam, sha kake yi?"

"To da fa? Kin taɓa ganin na ba mutum kujera ban zauna a kai ba? Kullum sai na sha kofina kafin in kawo miki naki. In da cuta ta fara da ni."

Mai Maɓalli ta dafe ƙirji, gefen lafiyayyen. Banɗaki. Dafe ciki. Ita tana can tana zagin masu abincin bakin titi. Da ta buɗe baki tun ranar farko, da mutumin nan bai kwankwaɗi maganin gara kofi bayan kofi ba.

"La ilaha illallahu. Kai gara ne? Likita, bar ni, duba shi!"

Sista ta juya baya, kafaɗunta suna rawa. Likita ya yi tari a hannunsa, ya tambayi Kafinta abin da yake ji. Murɗawar ciki, ɗan jiri, bakinsa yana ɗaci. Likita ya ce duka biyun za a ɗebi jininsu yanzu. In na Mama ya fito lafiya, ranarta tana nan.

A ɗakin ɗibar jini aka sha kallo. Mai Maɓalli ta miƙa hannu tana ba mai ɗibar labarin inda jijiyarta mai kyau take, aka gama kafin ta rufe baki. Da aka zo kan Kafinta, sai ya ce a bari ya ɗan huta. Ya ce ko za a iya dubawa ta fitsari. Ya ce shi fa ya ji sauƙi. Ta cire masa hula ta riƙe, ta kama kansa ta juyar da shi zuwa bango.

"Ga abokinka nan, kalle shi. Yi bismillah."

"An sa?"

"An gama ma, jarumi."

Suka zauna a benci suna jiran sakamako. Ya bar tazarar mutum guda a tsakaninsu, ya ɗora ledarsa a wurin. Ta saya masa ruwa, ya karɓa bai dube ta ba. Mutane suna wucewa, wata mai shara ta sa suka ɗaga ƙafa.

"Da kin faɗa min," ya ce daga ƙarshe.

"Da na faɗa. Na yi kuskure, ka yafe min."

"Na ɗauka ni ne. Da na ga kina haske, na ce to, ko ba komai na tsinana wani abu."

Ta ɗauke ledar ta matso.

Bayan la'asar Sista ta fito. Jinin Mama lafiya lau, rana tana nan daram. Na Baba kuma da ɗan abin dubawa, ba mai tayar da hankali ba, amma zai sha magani, ya sha ruwa da yawa, ya dawo a sake ɗiba.

"A sake?" in ji Kafinta.

"A sake. Gorar nan kuma ta zama tamu." Ta tsaya ta dube shi ta saman tabarau. "Baba, kana son aikin yi da gaske?"

"In akwai."

"Akwai, kuma mai wuya. Bayan an yi mata aiki hannun nan na hagu zai yi tauri. Kullum da safe sai ta tsaya gaban bango, ta riƙa hawa da yatsunta sama a hankali, yau nan, gobe gaba kaɗan. Da zafi. Yawancinsu in suka koma gida sai su daina, hannun ya ƙage. Ana son mutum mai naci ya tsaya a kanta. Wanda ba a yi wa wayo."

"An dai yi min sau ɗaya," ya ce.

Aka yi aiki a ranarsa. Aka cire abin da za a cire, ta kwana huɗu ko biyar, ta dawo gida da bandeji da jakar magunguna. Yaya ta zo da wani garin da aka ce na ƙahon wani abu ne, Kafinta da kansa ya karɓa a bakin ƙofa ya ce za a kai wa Sista ta gani.

Mai Maɓalli kuwa ta gane ba ta san mijinta ba sai yanzu. Ko carbi ba ta ajiye ba yake tsaye a kanta da fensir a bayan kunne. Ta tsaya gaban bangon falo, ta hau da yatsu tana cije leɓe, inda ta tsaya ya ja layi. Gobe sai ta wuce layin, ko da faɗin ƙwayar shinkafa ne. Ba ya zuwa wanka, ba ya amsa waya, ba ya ƙiftawa.

"Malam, yau jikina ba daɗi."

"Allah ya sawwaƙe. Hau."

"Mai gidan nan zai ce mun ɓata masa bango."

"Ni zan yi fenti. Hau."

"Ka je ka duba ruwan zafi, ina jin yana tafasa."

"Ya ƙone. Ba inda za ni."

Haihuwar ta zo da wuri kaɗan, ranar wata Talata da hantsi, mijin yana can kan hanya. Namiji ne, mai ƙarar murya. Lokacin hannun Mai Maɓalli bai kai inda Sista ke so ba, amma ya wuce kafaɗa, kuma da aka sa mata matashi a cinya ta karɓi yaron ta riƙe shi da hannu biyu, ta yi masa addu'a, ta gyara wa 'Yar Baba riƙon da take yi masa kamar za ta ba da shi aro.

Washegari da safe tana cikin yi wa jaririn wasa, ta ji mutum tsaye a kanta.

"Haba Malam, yau ma? Ba ka ga ina da baƙo ba?"

"Miƙa shi ga uwarsa. Jiya ma an ci bashi."

Ta miƙa yaron tana mita, ta tashi ta nufi bango.